Ganuwar Baba Bahago a Cikin Ruwan Gishiri

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban kwamitin iyayen yara, Alhaji Isma'ila, mai girma Mai Unguwa da 'yan rakiyarsa, Malam Liman, babbar baƙuwarmu, tsohuwar ɗalibar wannan makaranta, Hajiya Sa'adatu, shugabar makaranta, Malama Sailuba, babanmu, maginin wannan unguwa, Baba Bahago, malamai, iyayena maza da iyayena mata, ɗalibai, da sauran jama'ar Ƙofar Kuyambana da na maƙwabta da kuka baro harkokinku kuka zo: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Batul. Bara na gama karatun kiwon kifi da halittun ruwa a jami'a, kuma ni aka ɗora wa kula da wannan tankin gilashi da kuke gani lulluɓe da farin yadi a gefen damana. Wannan ne aikina na farko. Idan na yi tuntuɓen harshe, ku yi mini uzuri, ban taɓa tsayawa a gaban mutanen da suka wuce talatin ba.

Ina fara godiya ga Allah da ya nuna mana ranar buɗe ɗakin kimiyyar makarantar nan. Ina godiya ga Hajiya Sa'adatu, wadda ta ce sai da ta kai shekara talatin da ɗaya sannan ta ga teku da idonta, ta kuma yi niyyar yaran unguwarsu su ga abin da ke cikin teku tun suna aji uku. Ita ta turo tankin, da gishirin, da duwatsun, da kifayen, tun daga Fatakwal. Ina godiya ga kwamiti da suka yarda da ni ba tare da sun ga wani aikin da na taɓa yi ba. Ina kuma godiya ga Baba Bahago, kuma za ku ji dalilin da ya sa godiyar tasa ta fi kowacce nauyi a bakina yau.

A takardar shirye-shiryen da ke hannunku an rubuta cewa zan yi bayani na minti biyar, sannan Hajiya ta yaye yadin, ta saki kifayen farko a ruwa. Na tsaya ne in roƙi a jinkirta sakin kifayen nan, in kuma roƙi wani abu da ya fi wannan wuya. Ina neman ku saurari hujjata har ƙarshe kafin ku yanke hukunci.

Abu na farko, mene ne a cikin tankin.

Tankin yana cin lita ɗari huɗu. Ruwan da ke ciki ruwa ne da aka tace, aka zuba masa gishirin teku, giram talatin da biyar a kowace lita. A cikin ruwan akwai duwatsu ashirin da uku, nauyinsu kilo talatin da takwas. Ba irin duwatsun tsaunin Kufena na bayan garinmu ba ne. Masu wannan sana'a suna kiransu duwatsu masu rai, ba don dutsen kansa yana numfashi ba, sai don abin da ke zaune a jikinsa da cikinsa. Idan ka ɗauki ɗaya za ka ji ba shi da nauyi kamar yadda ido ya nuna maka, domin duk cikinsa ƙofofi ne ƙanana, kuma a kowace ƙofa akwai halittun da ido ba ya gani. Aikinsu ɗaya ne, shi ne cinye dattin kifi. Kashin kifi da abin da yake fitarwa ta wajen numfashinsa suna zama wata guba da ake kira amoniya. Waɗannan ƙananan halittu su ke juya gubar ta koma abin da ba ya kisa. Ina so in ƙara da cewa ba a fasa duwatsun nan daga gidan halittun teku ba. Masu kiwo ne suka reno su, na kuma ga takardarsu da idona.

To su waɗannan halittu ba sa tafiya neman abinci, ba sa tafiya neman iska. Ruwa ne yake kawo musu, ruwa ne yake kwashe musu datti. Inda ruwa ya wuce, suna raye. Inda ruwa ya tsaya, suna mutuwa, in sun mutu kuma su ruɓe, su da aka kawo don su cinye guba sai su koma su ne masu zubo ta. Shi ya sa akwai famfuna biyu a tankin, kowanne yana tura lita dubu huɗu a awa ɗaya, wato ruwan tankin gaba ɗaya yana zagayawa sau ashirin a kowace awa. Amma famfo turawa kawai ya iya. Ba ya iya huda bango.

Abu na biyu, abin da ya faru.

Duwatsun sun iso ranar Alhamis, yau kwana goma sha shida ke nan. A ranar ba na gari, na tafi karɓo takardar kammala bautar ƙasa. Kafin in tafi na haɗa ruwan, na kunna famfunan, na bar wa Malama Sailuba zanen yadda za a jera duwatsun, da gargaɗi ɗaya da na rubuta da manyan baƙaƙe, cewa kada a bar su su bushe. Kun san al'adar unguwar nan, ni ma a cikinta na tashi: ba a ɗora dutse a kan dutse, ko tubali a kan tubali, a wurin da ya zama na jama'a, sai an kira gidan magina sun sa hannu. Haka aka yi da masallacin unguwa, haka aka yi da katangar makarantar nan. Kwamiti bai yi kuskure ba da ya aika wa Baba Bahago. Baba kuwa, da shekarunsa saba'in da huɗu, ya zo ya naɗe hannun riga, ya yi awa huɗu hannayensa cikin ruwan gishiri har gwiwar hannu. Ko dutse ɗaya bai bari ya bushe ba. Wannan ina so a sani.

Abin da ya gina, da yawanku kun leƙo kun gani. Ganuwa ce. Ganuwar birninmu ce a ƙanƙance, daga wannan gefe na tankin zuwa wancan, ƙasanta da faɗi, samanta da tsini, da ƙofa a tsakiya, har da dutse mai faɗi da ya kafa a matsayin ƙyaure. Duk inda ya ga rami tsakanin dutse da dutse, ya nemi ɓarɓashi ya cusa ya toshe. Ba siminti, ba laka, amma ko girgiza ba ta yi.

Na dawo ranar Lahadi, na same shi zaune a kan benci a gaban tankin, yana kallon aikinsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Batulu, na ga zanen nan naki. Wa ya koya miki gini?" Na ce, "Baba, ai ba gini aka koya mana ba." Ya ce, "Ai na gani. Duk ramuka, kamar gafiya ta yi shekara a ciki. Wannan in aka yi shi, baƙi za su ce kango muka ajiye wa yara. Na gyara miki. Ba zan zauna ina kallo jikar Malam Haidar ta ji kunya a gaban mutane ba."

Jama'a, a nan ne kuskuren yake, kuma nawa ne. Baba ya gina bango irin wanda ya san yana tsare mutane, domin a duniyarsa bango mai rami aibi ne ga magini. Ba wanda ya gaya masa cewa a cikin ruwa abin ya juya. Ni ce na sani. Ni aka tura makaranta shekara biyar don in sani. Na kalli ganuwar, na ga matsalar, amma na buɗe baki na ce, "Ta yi kyau, Baba. Allah ya saka da alheri."

Kwana goma sha uku ke nan ina zaune a kan wannan magana. Na yi ta sauya wa famfunan wuri, na ɗaga wannan, na sauke wancan, na karkata su hagu, na karkata su dama, ko ruwan zai sami hanyar bi ta baya ba tare da na taɓa dutse ko ɗaya ba. Bai samu ba. Sau biyu ina zuwa zauren Baba da niyyar faɗa masa, sau biyun ina gaishe shi, in tambayi ƙafarsa, in sha kunu, in tashi. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ce, "Ke yanzu duk karatun nan, ba ki iya gaya wa tsoho ɗaya magana ɗaya ba?" Na ce, "Umma, shi fa ya gina ɗakin da aka haife ni." Ta ce, "To madalla. Sai ki bar kifin Hajiya su mutu cikin ladabi."

Abu na uku, abin da na auna. Ba na so ku karɓi maganata don na yi rantsuwa, ina so ku karɓe ta don akwai awo.

Na ɗaure zare a bakin tsinke na zura a ruwa. A gaban ganuwar zaren yana kaɗawa kamar tuta. A bayanta, inda tsakaninta da gilashi bai wuce yatsu biyu ba, zaren ya sauka ya rataye, ko motsi babu. Na gwada a wurare tara, a wurare bakwai bai motsa ba. Yashin da ke ƙarƙashin wajen, wanda fari ne tas ranar da na zuba shi, yanzu ya fara baƙi, kuma da na zuƙo kaɗan da tiyo na shinshina, warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Launin ja mai shuɗi-shuɗi da ke jikin duwatsun, wanda alama ce ta rai, ya koma fari a fuskar da ke kallon baya.

Sai amoniya. Kafin a saki kifi, dole awonta ya zama sifili. A makon farko ta kan ɗan hau, wannan ba abin tsoro ba ne, domin wasu halittun suna mutuwa a hanya; amma ya kamata ta sauka da kanta. Tamu ba ta sauka ba. Ranar Litinin ta makon jiya na sami rubu'in miligiram a lita. Litinin ɗin nan da ta wuce, rabi. Laraba, ɗaya. Yau da ƙarfe bakwai na safe, biyu. Na maimaita awon sau uku, da kwalabe biyu daban-daban, ko kuskure na yi. Ban yi ba. Na so a ce na yi.

Ba zan ce muku na san sa'ar da kifi zai mutu ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da zan iya faɗa shi ne, a irin wannan awo, idan aka sake su yau, za ku gan su suna iyo da kyau har a tashi daga taro, kowa ya ɗauki hoto ya tafi gida. Gobe za su taru a saman ruwa suna haki. Ranar Litinin kuwa, da 'yan aji uku za su shigo a jere don su ga teku, ina tsoron abin da za su fara gani shi ne ni ina tsamo gawa da cokali. Kifaye huɗu ne, da 'ya'yan murjani biyar, wato ita halittar da ake samun dutsen wuya na murjani daga danginta. Yanzu haka suna cikin wani duro mai lita ɗari a ɗakin malamai, da ɗan famfonsu da matacinsu, lafiyarsu ƙalau. Za su iya jiran mako uku a can idan ina sauya musu ruwa. Abin da ba za su iya ba shi ne kwana biyu a nan.

Hajiya, na san daga inda kika taso saboda wannan rana, na san jiya kika sauka. Ya kamata ki ji wannan magana tun kwana goma da suka wuce, ta waya, ba yau a gaban mutane ba. Ki gafarce ni.

Wani zai ce, me ya sa yarinyar nan ba ta je ta sami Baba a keɓe ba, sai a bainar jama'a? Na je. Yau da safe, bayan na ga awon nan, na tafi zaurensa a karo na uku, na ƙi zama, don na san in na zauna kunu zan sha. Na faɗa masa komai a tsaye. Sannan ya ce, "Batulu, a gaban mutane na gina ta, a gaban mutane aka yaba mini. Ba za a rushe ta a ɓoye ba, a wayi gari ana cewa bangon Bahago ya zube. Ki je ki faɗi hujjarki inda kowa zai ji. In ta zauna mini, na ji. In ba ta zauna ba, bangona yana nan, kuma ba mai taɓa shi." Da umarninsa nake wannan magana.

Saboda haka, Baba, abu na huɗu naka ne, kuma da izinin shugaban taro zan juyo gare ka.

Baba, ban taɓa ganin ka gama soro ka bar shi babu indararo ba. Ban taɓa ganin ka ja katangar gida ka hana ta rariya a ƙasa ba. Tun ina ƙarama nake jin kana yi wa masu gida faɗa idan suka toshe rariya da tsumma, kana cewa ruwan da aka hana fita shi ke cin gindin bango. Wannan tanki gida ne da damina ba ta ɗaukewa a cikinsa, dare da rana, shekara da shekaru. Gida ne da mazaunansa suke shaƙar ruwa kamar yadda muke shaƙar iska. A irin wannan gida, kowane dutse yana bukatar rariyarsa, ta gaba da ta baya da ta ƙasa.

Ba ina roƙon a zubar da duwatsun a tsibe kamar juji ba ne. Ga abin da ruwan yake bukata. Manyan duwatsu su zauna a kan gilashin ƙasa kai tsaye, ba a kan yashi ba, domin kifi yana tono, in ya tone ƙarƙashi gini ya kife. Tsakanin kowane dutse da gilashin gefe a bar faɗin tafin hannu. A yi ginshiƙai huɗu, kada su yi tsawo ɗaya, kuma kada mafi tsawonsu ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfin ruwan. Sannan a haɗa su ta sama da baka uku, irin bakan da muke ɗaga kai mu gani a tsofaffin zaurukan birnin nan, yadda ruwan famfon hagu zai bi ta ƙarƙashi ya haɗu da na dama, su karya juna, su watsu ko'ina, kada a sami lungun da datti zai kwanta.

Baba, zan faɗi abin da ban faɗa maka da safe ba. Zanen nan da ka raina, ka yi gaskiya. Kafin duwatsun su iso na gwada shi a baho da fasassun bulo, sau huɗu, sau huɗun bakan yana ruftawa. Na san inda ruwa yake so ya bi, amma ban san yadda ake sa dutse ya riƙe ɗan'uwansa a sama babu siminti ba. Idan ni na ɗora, wata rana dutse mai kilo uku zai faɗo a kan gilashi, lita ɗari huɗu ta malale a ɗakin da yara suke zaune. Wannan ma yana hana ni sukuni. A unguwar nan mutum ɗaya ne ya iya abin da ake bukata.

Don haka roƙona ga wannan taro uku ne. A bar kifayen a duronsu har awo ya nuna sifili kwana bakwai a jere, ina sa ran mako biyu zuwa uku, amma ba zan yi alkawarin rana ba. A bar famfunan a kan wutar sola ba a kashewa, ko an tashi daga makaranta, ko ranar hutu ce. Na ukun kuwa ba ya hannun kwamiti, ba ya hannun Hajiya, ba ya hannuna. Baba, ina roƙon a sauke ganuwar nan yau, ba gobe ba, in zuƙe baƙin yashin, in sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka sake gina mana da baka.

Na gama hujjata. Ba ni da wata.

Na'am, Baba?

Jama'ar baya ba su ji ba, bari in maimaita. Baba yana tambaya, ramin da nake so a bari, me zai iya wucewa ta ciki. Baba, dunƙulen hannunka. Idan hannunka ya wuce bai goga ba, ya isa.

Ya ce baka ukun da na zana ba za su tsaya a wannan faɗin ba, biyu za a yi, kuma dutsen ƙyauren nan shi zai zama makullin da zai riƙe babban bakan daga sama. Baba, ban ƙi ba. Biyu sun wadatar, in dai ƙarƙashinsu a buɗe yake.

Ya kuma ce kada in kuskura in taɓa masa bango, ni da ban san ta inda ake fara sauke gini ba. Shi ya ɗora, shi zai sauke, daga sama. Ya ce a yaye yadin mutane su gan ta tukuna.

Alhamdu lillahi. Hajiya, bismillah, yadin yana jiranki. Ɗalibai, ku matso a hankali, layi-layi, ku kalle ta da kyau, don bayan la'asar ba za ku sake ganinta ba.

Baba, don Allah kafin ka sa hannu, a cire zoben azurfan nan, kuma na ji ƙamshin turare a hannun rigarka. Akwai ruwan da na tace a bokiti a bayan ƙofa, a wanke har gwiwar hannu, ban da sabulu. Kuma kowane dutse in ya fito, a cikin baho mai ruwan gishiri za a ajiye shi, ba a kan tebur ba. Ka yi haƙuri, Baba. Na san ka ji. Zan dai sake faɗa in an fara.

Allah ya saka wa Hajiya Sa'adatu da alheri, ya mayar da ita gidanta lafiya, ya dawo mana da ita ranar da za a saki kifayen. Allah ya ƙara wa Baba Bahago lafiya da ƙarfin hannu, ya jiƙan magabatansa da suka gina mana inda muke kwana. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya yi wa yaran nan albarka, ya buɗe musu ƙirji su fahimci halittarsa ta tudu da ta ruwa. Allah ya raya abin da ya saura da rai a cikin duwatsun nan, ya yafe mini jinkirin da na yi. Allah ya zaunar da birninmu lafiya, ya kai kowa gidansa cikin aminci.

Mai girma shugaban taro, na wuce minti biyar ɗina da nisa. Na gode da haƙurinku, na gode.